MURYA AMANA CE: ABIN KOYI DAGA WATA MAWAƘIYAR INDIYA

Babu garin da waƙar Indiya ba ta shiga ba a ƙasarmu. Tun da aka fara fitar da ƙarfen uraniyom a Arlit a shekarar 1971, sannan a Akokan a 1978, ma'aikata daga Maraɗi, Damagaram da Tawa suka cika waɗannan garuruwa. Rediyo da kasat suka biyo su, har sautinsu ya kai ƙauyuka da zangunan karkarar Gugaram. Sai dai abin da kunnenmu ya saba da shi waƙar sinima ce, ta soyayya da rawa. Mutanen Indiya suna da wata waƙa daban, mai tsohon asali, wadda ake yin shekaru ana koyonta gaban malami. A nan muna son mu ba da labarin wata gwanar wannan fanni, domin akwai abin da rayuwarta za ta tuna muna game da namu mawaƙan.

Sunanta M. S. Subbulakshmi. An haife ta a birnin Madurai, a kudancin Indiya, a 1916, cikin zuriyar da ta gaji kiɗa da waƙa, wadda manyan gari suke saurare amma ba su ɗauke ta da daraja ba. Uwarta makaɗiya ce. Tana da shekara 10 aka fara ɗaukar muryarta a faifai. Irin waƙar da ta koya tana da ƙa'ida mai tsanani: kowace waƙa da tsarin sautinta, wanda suke kira raga, da ƙidayar kiɗanta, wadda suke kira tala, kuma mafi yawan baitocin yabo ne da addu'a bisa addininsu na Hindu.

Ta shiga sinima na ɗan lokaci. A 1945 ta fito a fim ɗin Meera, labarin wata gimbiya ta zamanin da, wadda ta bar daɗin fada ta duƙufa ga ibada da waƙa. Fim ɗin ya sa sunanta ya game Indiya. A daidai lokacin da kuɗi da suna suka buɗe mata ƙofa, sai ta bar sinima, ba ta sake komawa ba. Ta riƙi waƙar ibada har tsufanta. Kafin ta rera baiti cikin Sanskrit, harshen littattafan addininsu, takan zauna gaban masana su gyara mata lafazi, kamar yadda ɗalibi yake biya karatu gaban malaminsa. Kuɗin wasanninta masu yawa ta ba da su ga asibitoci, makarantu da gidajen taimako. Ribar faifanta na addu'ar asuba, wanda har yau ake sawa a gidajen kudancin Indiya, ta bar wa hukumar wurin ibada na Tirupati. A 1966 ta yi waƙa a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1998 ta zamo ta farko cikin mawaƙa da aka ba Bharat Ratna, lambar girma mafi ɗaukaka ta ƙasarta. Bayan rasuwar mijinta a 1997 ta daina waƙa a bainar jama'a, ta rasu a 2004.

Wani zai ce: ina ruwanmu da wadda addininta ba namu ba ne? Gaskiya ne, hanyarta daban, tamu daban, kuma ba kira muke yi ga abin da take bautawa ba. Mun kuma san malamanmu sun yi saɓani tun da daɗewa a kan hukuncin kiɗa, ba kuwa a wannan shafi za a yanke shi ba. Amma hali na gari, a duk inda aka gan shi, abin lura ne. Wannan mata ta ɗauki muryarta a matsayin amana. Ba ta sayar da ita ga mai kuɗi don ta wasa shi ba, ba ta kuma zagi wanda ya hana ta ba. Ƙasarta kuwa ta san abin da take da shi: ta ɗauki muryar, ta adana, ta girmama mai ita tun tana da rai.

Mu ma Allah bai hana mu irin waɗannan bayi ba. Ku dubi Malam Aliyu Namangi na ƙasar Zazzau, wanda ya rasa ganinsa tun yana jariri, ya yi karatu da ka, ya tsara waƙar Imfiraji ta wa'azi da begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Makafi sun yi ta rera ta a kasuwanni da tashoshin mota na ƙasar Hausa duka, daga Zariya har Agadas. An buga ta a littafi, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa kafin rasuwarsa a 1990. A Kano kuma masu bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin sinimar Indiya sun ɗora musu yabon Manzo, wato sun karɓi kwanon baƙo sun zuba nasu abinci.

To, me ya sa Namangi ya tsira daga mantuwa? Saboda an rubuta, an ɗauka a faifai. Nawa ne irinsa a ƙasar Abzin da ba wanda ya kai musu na'ura? Akwai dattawan da suke raya daren Mauludi da karatun Ishiriniya, kowane gari da irin karinsa. Akwai tsofaffin mata masu goga imzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya na Abzinawa, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam a 2013, amma masu iya shi sai raguwa suke yi. Har yanzu da yawa daga cikinmu, in an ce mawaƙi, maroƙi kawai suke gani, ba su rarrabe mai bin aljihu da mai gyaran zukata. Wannan raini ne yake hana yaro zama gaban tsoho ya koya.

Ramin Akokan, da aka yi zaton ba ya ƙarewa, an rufe shi a 2021. Abin da ke cikin ƙasa yana da iyaka, in an kwashe shi ke nan. Abin da ke cikin ƙirjin dattijo shi ma yana da wa'adi, amma shi ana iya ceton sa da ɗan abu kaɗan.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar da ke kula da al'adu, da gidan rediyon Muryar Sahel, da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai, su tura ma'aikata Gugaram, Iferwan da Timiya su ɗauki waɗannan muryoyi, tare da sunayen masu su da na malaman da suka koya musu. Malaman lakwal su gayyaci irin waɗannan dattawa cikin aji. Rediyon karkara su ware musu fili kowane mako. Matasa mawaƙa kuma su tambayi kansu: wa nake yi wa aiki da wannan baiwa? Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu gane tamu tun tana cikin gora, amin.