Ƙuri'a Daga Ƙauye, Riba A Abuja

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, shekarar 2023 ta zo da alkawari, ta tafi ta bar talaka da bashi. A watan Fabrairu aka ƙona ofishin jam'iyya a garin Tudun Wada, aka rasa rayuka, duk saboda kujerar majalisa guda. Ranar 29 ga Mayu kuwa Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 600. Wa ya ɗauki wannan kaya? Manomin rani na Kiru, wanda injin ban-ruwansa ke shan fetur, da mai masarar Doguwa, wanda kuɗin mota ya cinye ribarsa.

Gwamna Audu Bako bai nemi ƙuri'ar kowa ba, amma ya bar madatsar ruwan Tiga a ƙasar Bebeji tun 1974, har yau ana cin moriyarta. To, waɗanda muka zaɓa fa?

Saboda haka, idan mun koma gida hutun ƙarshen shekara, mu tsare wakilanmu da lissafi: hanya nawa, taki buhu nawa, asibiti nawa? Wanda ya kasa amsawa, kada ya ga ƙuri'armu a 2027.