Waƙar Wa Ce? Simon da Garfunkel da Jitar Lantarki

Masu nazarin waƙa sun saba, idan mawaƙi ya sake salo, sai su ce basirarsa ce ta nuna, ko kuwa zamani ne ya ja shi. A nawa ra'ayi, sau da yawa akwai wani hannu na dabam a cikin al'amarin wanda ba a cika ambatarsa ba, kuma labarin waƙar nan ta Paul Simon da Art Garfunkel, wato "The Sound of Silence", ya isa shaida.

Waɗannan samari biyu 'yan birnin New York ne a ƙasar Amurka. A watan Oktoba na 1964 kamfanin Columbia ya fitar da babban faifansu na farko, kuma waƙar tana ciki, an rera ta a hankali da jitar katako, ba ganga ba lantarki, irin yadda masu waƙoƙin gargajiyar Amurka ke yi a lokacin. Faifan bai yi kasuwa ba. Simon ya kama hanyar Ingila yana waƙa a ƙananan gidajen shaƙatawa, Garfunkel kuwa ya koma karatunsa na jami'a.

Ana nan sai wasu gidajen rediyo a Boston da Florida suka soma sa waƙar. Da labari ya iske Tom Wilson, baƙar fatar da ya shirya musu faifan, wanda kuma shi ne ke shirya wa Bob Dylan nasa, sai a ran 15 ga Yuni, 1965 ya tara makaɗa suka ɗora jitar lantarki da ganguna a kan muryoyin da aka riga aka ɗauka. Bai shawarci ko ɗaya daga cikin masu waƙar ba. An fitar da ita a watan Satumba, kuma a makon farko na Janairun 1966 ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin mujallar Billboard. Mai kunne zai iya jin ɗinkin har yau, domin mawaƙan ba su rera ta a kan bugu ɗaya tsayayye ba, sai ya zama makaɗan ne ke bin sawunsu, su ɗan ja da baya a wani wuri don kada su wuce murya.

To, a nan ne nake rabuwa da masu yabon Wilson ba tare da togaciya ba. Na yarda kunnensa ya ji abin da masu waƙar ba su ji ba, kuma ba don shi ba da wataƙila ba su sake haɗuwa ba. Amma waƙa ce mai jigon kaɗaici da rashin sauraren juna, Simon ya tsara ta ne don a ji ta cikin natsuwa. Sake mata tufa a bayan idonsa ba ƙaramin abu ba ne, ko da faifan na kamfani ne. Da ta faɗi a kasuwa, da sunan wa za a kira? Mu da muka ga yadda fiyano ya maye gurbin kalangu da gurmi a waƙoƙin fina-finan Hausa mun san cewa mai riƙe da na'ura yakan fi mai murya iko.

Su kansu mawaƙan ba su tsaya jayayya ba. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Simon ya dawo daga Ingila, suka shiga ɗakin ɗaukar murya cikin gaggawa, a Janairun 1966 suka fitar da faifan Sounds of Silence bisa sabon salon da ba su ne suka zaɓa ba, suka ci gaba tare har 1970. Wilson kuwa ya riga ya bar Columbia, saboda haka Bob Johnston ne ya shirya musu mafi yawan sauran waƙoƙin faifan.