Faɗakarwa ga Mai Talifi Game da Alƙalami da Madannai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ko almajiri ne kai ko ɗan kasuwa, ka sani wata magana ta yawaita a bakin samari, wai alƙalami ya tsufa, wai wanda zai tsara waƙa ko ya wallafa littafi sai ya zauna gaban kwamfuta ko ya duƙa kan waya ya yi ta danna madannai, ya gama a yini ɗaya abin da malamansa ke ɗaukar wata suna yi. Ni kuwa na ce wannan magana ɓata ce, kuma saurin nan da suke taƙama da shi, shi ne aibin da nake tuhumar madannai da shi.

Duba yadda baiti ke fitowa daga hannu. Ka feƙe alƙalami, ka tsoma shi a kurtu, ka rubuta kalma uku ko huɗu, tawada ta ƙare, ka koma ka tsoma. A cikin wannan komawa zuciya ke auna kalmar da za ta biyo baya, ta ga ko ta hau karin waƙar, ko ƙafiya ta zauna. Kuma da yake takarda kuɗi ce, kankare tawada kuwa wahala, ba ka sa kalma sai ka juya ta a bakinka. Mai madannai yatsunsa sun riga hankalinsa isa ƙarshen sadara. Ya zuba magana buhu-buhu da niyyar zai dawo ya tsince, alhali wanda ya tara tsaba da tsakuwa wuri guda ba kasafai yake da haƙurin tsinta ba. Kai ɗan kasuwa ka fi kowa sanin haka.

Har Turawan da suka ƙera abin sun fara lura. A wani nazari da aka wallafa a shekarar 2024, wasu masu bincike biyu a wata jami'a ta ƙasar Nowe sun sa wa ɗalibai na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa a ka, suka tarar sassan ƙwaƙwalwa sun fi haɗuwa da juna lokacin rubutu da hannu fiye da lokacin danna madannai. Ban kawo wannan don ya zama mini hujja ba, domin duk wanda ya taɓa rubuta allonsa ya wanke ya sake rubutawa har hadda ta zauna ya san abin tun yana yaro.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Idan ka soke kalma a takarda, tana nan ƙarƙashin zanen da ka ja mata, gyaran kuma yana gefe a hashiya. Bayan kwana bakwai ka dawo, sau da yawa sai ka ga ta farkon ce daidai, ka mayar da ita. Almajirinka ma, in ya gaji takardun, zai ga inda ka yi tuntuɓe da yadda ka tashi, ya koyi tsara magana daga gyaranka fiye da yadda zai koya daga baitin da ya kammala. A kwamfuta kuwa ka danna gogewa, kalma ta tafi, shafi ya koma fes kamar ba a taɓa kuskure a kansa ba. Waya ma ta ƙara da karambani: kafin ka gama kalma ta miƙo maka wata, wadda ta fi yawa a bakin jama'a. To, wa ya yi waƙar ke nan, kai ko ita?

Sannan ga sha'anin haruffa. Keken rubutu ya shiga kasuwa a Amurka a shekarar 1874, an jera madannansa don harshen Ingilishi, jerin nan kuma shi kwamfuta ta gada. A ajaminmu ƙaf daban, kaf daban, ba mai rikita su. Na taɓa ba wani mai shagon buga takardu wata 'yar waƙa da na yi kan haƙƙin baƙi, ya dawo mini da ita ina horon mutane su girmama baki, ɗaki kuma ya zama daki. An rarraba ta a haka kafin in gani. Gaskiya ne yanzu akwai madannai masu ƙ da ɗ da ɓ a waya, amma duba saƙonnin da ke shigo maka ka ƙirga mutum nawa ke damuwa su nemo su.

Wani zai ce mini: ai Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, bai riƙe alƙalami ba, ga kuwa Imfiraji ana rera ta har yau. Na amsa, wannan hujjata ce, ba taka ba. Malam Aliyu a zuci yake tsara baiti, ya maimaita shi har ya nuna, sannan ya faɗa a rubuta masa. Jinkirin da alƙalami ke tilasta wa mai ido, shi ya same shi ta wata hanya. In kana da irin haddarsa da haƙurinsa, danna abin da ka ga dama. In ba ka da su, kada ka fake da shi.

Ban ce ka jefar da na'ura ba, kada a yi mini ƙage. Aikinta aikin mai kwafi ne, kuma ta iya shi: littafin da dā sai an yi watanni ana juyarsa, yau ya isa Kumasi da Yamai kafin a kira la'asar. Sai dai mai kwafi ba ya zama a shimfiɗar mai talifi. Ka tsara da hannu, ka ajiye ya kwana, ka karanta da ƙarfi kunnenka ya ji, ka gyara a hashiya. In ya nuna, sai ka buga. In an buga, ka zauna da wani, shi riƙe da bugun, kai riƙe da asalin, ku yi muƙabala sadara bayan sadara, kuna duban kowane ƙaf da kowane ɗa, sa'annan ka mayar da asalin cikin gafaka da soke-sokensa duka.