Zaton Na'ura Da Yaran Bulumkutu

A unguwar Bulumkutu da ke Maiduguri akwai wata cibiya ta Ma'aikatar Harkokin Mata ta Jihar Borno, wadda aka yi shekaru ana kai mata yaran da sojoji suka sako daga tsare. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin watan Janairu na 2013 da watan Maris na 2019 an tsare yara fiye da 3,600 bisa zargin alaƙa da Boko Haram, da yawansu a Barikin Giwa. Akasarinsu an sake su ba tare da sun ga fuskar alƙali ba. Amma fa sunayensu sun riga sun shiga littafi.

Littafin nan shi ne abin dubawa yanzu da ake ta kururuta ƙirƙirarriyar basira, watau kwamfutar da ake koya wa gane fuskar mutum a cikin taro, ko hasashen inda za a yi laifi da wanda zai aikata shi. Mutumin da ya ga abin da bam ya yi a Kasuwar Monday ba zai ƙi duk wata dabara da za ta tare ɗan ta'adda tun bai iso ba, kuma ba a ga laifinsa ba. Sai dai na'urar ba duba take yi ba. Tsofaffin bayanan kame ake ɗura mata, daga cikinsu take koyon kamannin mai laifi. To, in an ɗura mata littafin da aka cika a zamanin da ake kewaye unguwa a kwashe samarinta gaba ɗaya, me za ta koya? Za ta koyi cewa saurayi ɗan unguwa kaza, mai shekaru kaza, abin tuhuma ne. Sai a tura 'yan sanda can, su yi kame, sabon kamen ya koma cikinta ya ƙara mata ƙarfin zato. Ita Bulumkutu kuwa ta san nauyin suna, domin tun tarzomar mabiya Maitatsine ta watan Oktoba na 1982 ake ambatonta da abin da yawancin mazaunanta na yau ba su ma zo duniya ba lokacin da ya auku.

Ko a ƙasashen da suka ƙera ta, na'urar nan ta sha yin tuntuɓe. A watan Janairu na 2020 'yan sandan Detroit a Amurka suka kama wani baƙar fata a ƙofar gidansa, gaban matarsa da 'ya'yansa, suka tsare shi wajen awa 30, don kwamfuta ta ce fuskarsa ce ta ɓarawon agogo. Ashe ba shi ba ne. Wata guda kafin nan hukumar awo ta gwamnatin Amurka ta bayyana cewa fuskokin mutanen Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda irin waɗannan na'urori suka fi rikitawa.

Dokar Nijeriya ba ta yarda a hukunta mutum da zato ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai an tabbatar. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta fayyace cewa shekarun mutum, ko askinsa, ko tufafinsa, ko ɗaukar wasu jama'a a kan sun fi kusa da laifi, ba hujjar tsare shi a caje ba ce. Abin da aka hana kurtu ya yi da idonsa, yaya za a halatta shi don ya fito daga kwamfuta?

A kotu ma akwai rina a kaba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya karɓi shaidar kwamfuta muddin an nuna tana aiki daidai. Amma lafiyar na'ura daban, ingancin hasashenta daban. Lauya yana iya titsiye mai shaida har ya kama shi da ƙarya. Ita kuwa wa zai titsiye ta? A 2016 babbar kotun jihar Wiskonsin ta bar alƙalai su duba makin haɗari da na'urar COMPAS ta ba wanda za a ɗaure, alhali kamfanin ya ɓoye yadda take lissafin, wai sirrin ciniki ne.

Tarayyar Turai, a dokarta ta 2024, ta haramta hasashen cewa mutum zai yi laifi bisa siffofinsa kaɗai. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum ikon ƙin hukuncin da na'ura ta yanke ita kaɗai, sa'an nan ta sassauta wa hukumomin bincike da na tsaro. Wannan giɓi ya kamata Majalisar Tarayya ta toshe tun kafin a sayo kayan. A watan Satumba na 2022 gwamnati ta sa hannu cewa duk yaron da soja suka kama za a miƙa shi ga hukumar farar hula cikin kwana 7. Saura a yanka wa'adin goge sunansa.