Idan allon kwamfuta ya yi baƙi

Daga Tanut zuwa Belbeji, akwai ma'aikata da ƴan kasuwa masu sayo kayan kwamfuta daga Damagaram ko Kano su harhaɗa da kansu. Wasunsu, don neman sauri, sukan ƙara wa ƙwaƙwalwar na'urar gudu fiye da yadda masana'anta ta ƙayyade. Ana tsakiyar lissafin buhunan hatsi, sai allo ya yi baƙi ƙirin.

Jama'a, kada a yi gaggawar zargin allo. Raƙumin da aka jibga wa kaya fiye da kima, a bazarar Damargu da zafi kan haura digiri 40, tilas ya durƙushe. Ita ma ƙwaƙwalwar takan tsai da kanta in ta doshi digiri 100, gudun ƙonewa.

A cire wayar kuran, a zare ƙaramin pil ɗin CR2032 na minti 5, a mayar: BIOS zai koma saitinsa na asali. Sannan a hure ƙurar hunturu daga fanka, a zare RAM a sake dasawa da kyau. In baƙin ya dawo duk da haka, a dubi akwatin wutar na'urar, musamman inda injin janareto ke ba da kuran ba tare da regilata ba.