Jinjina ga Waɗanda Suka Auna Gaskiyar Rijiyar Macondo

Yabon gwani ya zama dole. Masana da masu binciken da suka tsaya tsayin daka bayan fashewar dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a Tekun Meksiko sun yi aikin da ya cancanci jinjina, kuma duk ƙasar da ke haƙo mai a cikin teku tana cin moriyarsa har yau, ko ta sani ko ba ta sani ba.

A daren 20 ga Afrilu, 2010, iskar gas ta taso daga rijiyar Macondo ta kamfanin BP, ta kama da wuta, ma'aikata 11 suka rasa rayukansu. Bayan kwana biyu dandamalin ya nutse, ya bar bakin rijiya a buɗe cikin ruwa mai zurfin kusan mita 1,500, inda hannun ɗan'adam ba ya kaiwa sai dai na'ura. Kwana 87 ɗanyen mai ya yi yana ɓulɓula.

Gaisuwata ta farko ga waɗanda suka ƙi yarda da adadin da aka fara sanarwa. An ce ganga 1,000 ke zuba a rana, daga baya aka ce 5,000. John Amos na ƙungiyar SkyTruth da Ian MacDonald na Jami'ar Jihar Florida suka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam, suka auna faɗin man da ya shimfiɗu a kan ruwa, suka ƙiyasta kaurinsa, suka fito fili suka ce abin ya haura ganga 20,000. Ba su da jirgi, ba su da iko, sai ilimi da rashin tsoro. Da tawagar gwamnatin Amurka ƙarƙashin Marcia McNutt ta kammala nata awon, sai ga shi man ya wuce ganga 50,000 a rana, jimilla kusan miliyan 4.9. Wanda bai san girman ɓaraka ba, ba zai san irin kayan da zai tanada ba. Yunƙurin toshe rijiyar da laka mai nauyi a ƙarshen Mayu ya ci tura, kuma bincike ya nuna raina yawan man da aka yi ya gurgunta shiri.

Sai kwamitin da Shugaba Obama ya naɗa, wanda Bob Graham da William Reilly suka jagoranta, ya miƙa rahotonsa a Janairun 2011. Abin da ya burge ni da aikinsu shi ne ba su jingina lamarin ga tsautsayi ba, ba su kuma nemi mutum guda su ɗora masa jakar tsaba ba. Sun bi sawun matakan ɗaya bayan ɗaya. Simintin da aka zuba a gindin rijiya, gwajin farko ya nuna ba shi da tabbas, amma aka zuba shi. Ƙarafan da ke tsayar da bututu a tsakiyar rami, lissafi ya nemi 21, aka sa 6. A yammacin ranar kanta, aka yi gwajin tabbatar da cewa rijiyar ta rufu: agogon bututu ɗaya ya nuna matsi 1,400, na ɗayan ya nuna sifili. Ma'aikatan suka tsaya suka tattauna, suka samo wa saɓanin bayani, suka karɓi sifilin. Kowane mataki a karan kansa ƙarami ne, yawancinsu kuma sun rage kuɗi ko lokaci, amma ba wanda ya zauna ya haɗa su ya ga inda suka dosa. Kwamitin ya ce cutar ta tsari ce, ta shafi kamfanoni da hukuma baki ɗaya, kuma idan ba a gyara ba za ta maimaitu.

Takardun shirin ko-ta-kwana ma an bankaɗo su. Shirin da BP ya gabatar aka amince da shi ya lissafa dabbar walrus cikin halittun da za a kare, alhali tana rayuwa ne a tekun ƙanƙara na can arewacin duniya. Wato an kwafo takarda, an sa hannu, ba wanda ya karanta.

Aikin nasu ya haifar da ɗa mai ido. An rushe hukumar da a da ita ke ba da izini, ita ke karɓar kuɗin shiga, ita ke sa ido, aka raba ayyukan gida uku. An wajabta wa kamfani ya lissafa mafi munin malalar da rijiyarsa za ta iya yi, ya kuma nuna yana da murfin gaggawa da zai rufe ta. Murfin da ya tsayar da Macondo ran 15 ga Yuli sai da aka ƙera shi bayan an shiga masifa, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. A ganina babbar nasarar ita ce sauya tambaya. A da ana tambayar sau nawa irin wannan ke faruwa, a amsa da cewa da wuya, a wuce. Yanzu dole a faɗi ganga nawa idan ta faru, kwana nawa kafin a rufe, gaɓar wa man zai isa.

Sai dai da sauran rina a kaba. Dokar kula da rijiyoyi ta 2016 an sassauta ta a 2019, aka sake ɗaure wasu sassanta a 2023. Matakin kare rai bai kamata ya riƙa sauyawa da sauyin gwamnati ba.

Nauyin da ya fi damuna yana Mashigin Tekun Gini. Daga rijiyoyin ruwa mai zurfi irin su Bonga da Agbami da Egina ne wani kaso na kuɗin da ake raba wa jihohin Najeriya kowane wata ke fitowa, don haka mutumin Kano ko Sakkwato ba ɗan kallo ba ne. A Disamban 2011 kusan ganga 40,000 suka zube a Bonga, kilomita 120 daga gaɓa, lokacin da ake yi wa jirgin dako lodi. Wata guda bayan haka dandamalin KS Endeavor ya kama da wuta a gaɓar Bayelsa, mutum biyu suka mutu, wutar ta yi makonni tana ci. Man Nijar ma, tun 2024 bututu ke kai shi daga Agadem zuwa Seme a Benin, a can ake loda shi a teku.

Hukumar NOSDRA mai sa ido kan malalar mai a Najeriya, da aka kafa a 2006, ita ma ta cancanci yabo. Ta buɗe taswirar malalar mai a intanet wadda kowa zai iya dubawa, ta kuma tsaya a kan tarar dala biliyan 3.6 da ta ci Shell saboda Bonga har gaban kotu. Amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan Ogoni na 2011 ya nuna jami'an sa ido kan dogara da kamfanoni wajen kai su inda aka yi ɓarna. Mai auna laifi bai kamata ya jira jirgin wanda zai auna ba. A ba hukumar jiragenta da masu karanta hotunan tauraron ɗan'adam nata. A buga lissafin mafi munin malala na kowace rijiya, masuntan Bayelsa da Delta su gani kafin a fara haƙa. Akwai murfin gaggawa a ajiye a Saldanha ta Afirka ta Kudu. Hukumar NUPRC mai kula da haƙar mai ta sa kamfanoni su gwada ɗauko shi a aikace, ta kuma gaya wa jama'a kwana nawa ya ɗauka kafin ya iso bakin rijiya a ruwan Najeriya.