Kofin Ya Zo Tamale, Ya Koma Kudu

Duk shekara, da zarar wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na Gana ya ƙarato, koke ɗaya nake sha daga masu bugo waya a shirina na wasanni, daga Salaga har Bawku: a roƙi hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta sake kawo mana wasan Tamale kamar yadda ta yi a 2017. Ni kam na daina sa baki a wannan roƙo, kuma ina so masu saurarona su san dalili.

A tuna abin da ya faru ran 29 ga Oktoba, 2017. Asante Kotoko ta Kumasi ta kara da Hearts of Oak ta Ankara a filin wasa na Tamale, wanda aka gina domin gasar cin kofin Afirka ta 2008. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Saddick Adams ya zura ƙwallo uku shi kaɗai, bayan an dawo Thomas Abbey ya rama wa Hearts ɗaya, aka tashi 3 da 1. Wasa ya yi kyau, ba na musu. Mutanen Yendi sun cika motoci, na Salaga sun sha ƙurar hanya, na Bawku sun ratso ta Bolga, tafiyar da ta haura kilomita 200. Aka yi tafi, aka yi ihu, masu otal da masu tsire suka yi ciniki. Daga nan Kotoko ta ɗauki kofinta ta nufi Kumasi. To mu me ya rage mana? Gidanmu aka ara aka yi bikin wasu, muka yi shara, muka kawo ruwa, har yau kuma muna godiya. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Tun 1958 ake buga gasar nan, kuma ba a taɓa rubuta sunan wata ƙungiya ta arewacin Gana a jikin kofin ba. Wannan ne abin da ya kamata ya hana mu barci.

Na san amsar da ake ba ni: ai mu talakawa ne, garuruwanmu ƙanana ne, kuɗi yana kudu. To a duba waɗanda suka ɗaga kofin a 'yan shekarun nan. New Edubiase a 2012. Bechem United a 2016. Dreams, wadda a lokacin take buga wasanninta a Dawu, a 2023, wadda daga nan ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Confederation ta Afirka, sai Zamalek ta Masar ce ta tsayar da ita. Nsoatreman a 2024, a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wa zai dube ni ya ce Nsoatre ko Dawu sun fi Yendi, fadar Ya-Na, girma da jama'a? Wa zai ce kasuwar Bechem ta fi ta Bawku juya kuɗi, garin da ke maƙwabtaka da Togo da Barkina Faso? Abin da suka samu shi ne mutanen da suka riƙe ƙungiya shekara da shekaru, suna biyan albashi ko an ci ko an sha kashi.

Batun 'yan wasa kuwa, kada ma a fara. Abedi Pele a Real Tamale United ya fara yin suna. Baba Rahman, Mubarak Wakaso, Majeed Waris, duk 'yan Tamale ne. Abdul Fatawu Issahaku daga Steadfast ta Tamale ya fito, aka zaɓe shi gwarzon gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2021, ya wuce Sporting ta Fotugal, daga can sai Leicester. Mu ke haihuwa, mu ke raino, in yaro ya tasa sai wani ya zo ya ɗauka, domin ba mu da inda za mu ajiye shi.

Sau ɗaya arewa ta ɗanɗana. A 2016 Wa All Stars ta lashe gasar Firimiya ta ƙasa. Shekara uku bayan haka an sayar da ita, an canza mata suna zuwa Legon Cities, ta tare a Ankara. Babu wani attajirinmu da ya tare hanya ya ce ga kuɗi, a bar mana ita a gida. Ita kuwa RTU, abin alfaharinmu tun 1976, yadda ta ƙare kakar 2024 ya isa abin kunya: 'yan wasa suka ƙaurace saboda bashin albashi, aka kwaso waɗanda ba su da rajista aka sa musu riga, Dreams ta yi musu 8 da 1, ƙungiyar ta faɗi daga Firimiya. Ran nan ban ji masu neman a kawo mana wasan ƙarshe sun bugo suna tambayar ina albashin yaran ya maƙale ba.

Alhazanmu, da ku nake, kuma da girmamawa. Kun iya sa kofin Sallah, kwana uku a yi a gama, a ba da rago da riguna masu ɗauke da hotonku. 'Yan siyasa kuma sai zaɓe ya matso ake ganinsu da ƙwallaye a bayan mota. Wannan duk shagali ne. Ƙungiya tana bukatar motar da za ta kai ta wasa, da filin da ke da katanga, da mai horarwa mai takarda, da albashin da ke zuwa ƙarshen wata. Ƙofar kofin ƙalubale a buɗe take ga ƙungiyoyin rukuni na ɗaya da na biyu, shi ya sa Golden Kick, wadda ba ta Firimiya, ta kai wasan ƙarshe a 2025 ta ba Kotoko wuya kafin ta faɗi 2 da 1. Me zai hana wata daga Salaga ta bi wannan hanya?

Bawku kaɗai zan yi wa uzuri, shi ma rabi. Garin da ya daɗe cikin dokar hana fita, inda uwa ke ƙirga 'ya'yanta kafin magariba, ba a tuhumarsa don bai yi atisayen yamma ba. Sai dai 'ya'yan Bawku masu hali suna nan a Kumasi da Ankara, wasunsu ma da katin goyon bayan Kotoko a aljihu.

Mu 'yan kallo ma kada mu noƙe. Matashi zai biya kuɗin gidan kallo sau biyu a mako don Chelsea da Madrid, ya haddace sunan kowane ɗan benci a Ingila, amma in ƙungiyar unguwarsu na wasa sai ya haura katanga don kada ya ba da sidi biyar a ƙofa.

Saboda haka duk wanda zai ƙara bugo mini kan a dawo da wasan ƙarshe Tamale, ya zo da sunan ƙungiyar garinsu, da rukunin da take, da ranar da ya biya kuɗin shiga kallonta na ƙarshe. In ya kawo waɗannan uku, zan ba shi minti biyar cur a iska.